Makau da kifin Tasalla

A zangon Tema, kusa da bakin teku, akwai wata bazawara, Tasalla, mai bandar kifin tuna. Mijinta ya rasu ya bar mata teburi guda a kasuwa, da ƙaninsa Makau, ƙato mai gemu wanda in ka ce masa zauna ba ya tashi sai ka dawo. Magajiyar kasuwa kuwa ta riga ta ja mata kunne: in aka ƙara kawo ƙarar kifinta, za a ba wata teburin.

Wata rana Tasalla ta ce wa Makau ya wanke kifi fes. Tuna na da baƙaƙen layuka a ciki, haka Allah ya yi shi. Makau ya ɗauka dauɗa ce, ya yi ta gurza da soson ƙarfe har ya kai ƙaya. Tasalla ta duba, ta kwashe ƙayar ta zubar.

Wata rana ta aike shi tashar jiragen ruwa ɗauko daskararren kifi, ta ce kada ya bari rana ta taɓa shi. Ya samu inuwa ya zauna da daro a ka har magariba. Ƙudaje ne suka rako shi gida.

Wata rana, jari ya kusa ƙarewa, aka fito da wani kifi mai araha. Mata suka yi ca. Tasalla ta yi ta ciniki har mai kifin ya haɗa ta da Allah, ta kwashi na ƙarshe tana taƙama. Ta ce wa Makau ya tsoma shi a ruwan gishiri mai yawa kafin ta hura wuta. Ya dawo da daro wayam, wandonsa sharkaf.

"Yaya, na kai shi teku. Can ne gishiri ya fi yawa."

Ta zauna daɓas a toka. Ranar ba a ɗora tukunya ba.

Washegari kasuwa ta rikice. Ashe kifin nan mai araha ya sha zafi tun a jirgi, duk wanda ya ci shi, fuskarsa ta kumbura, ga ƙaiƙayi ga amai. Magajiya ta bi layi tana kifar da teburan masu banda. Da ta zo na Tasalla ta tarar ba ko ƙaya, ta wuce.

Tasalla ta dafa teburin da hannu biyu, ba ta da abin ɗorawa a kai. Makau ya matso.

"Yaya, yanzu dai ya jiƙu. In je in ɗauko?"