Ulin da Asu

Wani ne a ƙauyenmu na bakin kogin Barito, bishiyar ulin ta jingina da rufin gidansa. Iska na kaɗawa sai kwano ya hau ƙara, matarsa Masniah ta kwashe yara ta yi gidan uwarta. Ya gaji. Ya wasa gatari, bai ko kai sara ba sai ga Pak Syahrani, ma'aikacin gandun daji, a kan babur.

"Ajiye, ajiye. Irin itacen nan ya kusa ƙarewa. Ka taɓa shi, sai gidan yari."

Mutumin ya tambaya ko duk duniya babu mai ikon taɓa shi. Pak Syahrani ya ce sai dai tsutsar faɗa-wuta mai cin ganye, ita kuwa birjik take, doka ba ta ma san da zamanta ba.

Shi ke nan, gogan naku ya samu ma'aikata. Ya bi gida-gida yana roƙon ƙwaro. Maƙwabta, marasa tausayi, suka buɗe tsofaffin akwatuna suka zazzage masa asu cikin buhu. Ya kai su ɗaki don kada ruwan sama ya doke su, ya buɗe taga ya nuna musu bishiyar, ya ce su fara da reshen hagu. Har shayi ya ajiye musu.

Kwanaki suka shuɗe, ulin ko ganye bai zubar ba. Amma gidan sauro ya zama ƙofar sauro. Rigar Juma'a ta koma rariya. Masniah ta leƙo ta ga kayan aurenta, ta sake komawa gidan uwarta, wannan karon har da tukwane.

Da Pak Syahrani ya dawo duba bishiya, ya tarar da mutumin tsugune bayan ƙofa, ya dafe wani guntun zane a ƙugunsa da hannu biyu. Pak Syahrani ya dubi ƙwarin, ya ce ai waɗannan asu ne. Danginsu ɗaya da faɗa-wuta, amma kowa da gidansa: wancan ganye yake ci, wannan tufafi.

"Ba su gaya mini ba," in ji mutumin. "Su nawa suka rage a duniya?"

"Asu? Ba sa ƙirguwa."

"Ulin fa?"

"Kaɗan."

"To Pak, ulin ma da sauran 'yan'uwansa. Zanen nan shi kaɗai ya rage, shi za ka tsaya ka yi wa gadi."