Tayoyinku Sun Ƙoshi, Mun Gode

Zuwa ga Mai Girma Darektan Kamfanin Sufuri na Sannu-da-Hanya, uban motoci, garkuwar tayoyi, Allah Ya ƙara wa buronka, wato ofishinka, sanyi.

Bayan gaisuwa irin wadda mai tura mota ke yi wa mai ita, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da tayoyi huɗu da ta biyar ɗin da ke goye a baya. Ni ne Lurwanu, tsoho daga Gidan Marwa, can bayan Agiye inda kwalta ta ƙi zuwa. Ban shiga lakol ba, wato makarantar boko. Ni ke faɗa, maƙwabcina Ɗanlami ke rubutawa, kuma na hana shi sassauta ko kalma ɗaya.

Maganar motarka ce da ta saba shigowa garinmu ranar kasuwa, wadda yanzu ke tsayawa bakin kwalta tana yi mana oda daga nesa.

Na ɗaya. Mun ji dokarka, mun kuma yi mamakin hikimarta: kowace taya a cika ta tam, kilo kaza, a ɗaure bakinta da jan murfi, direban da ya taɓa murfin ya ajiye makulli. Ranka ya daɗe, ban san iska ma ta shiga sahun gero ana auna ta da kilo ba sai bana. An ce don kada tayoyi su ci, kada mai ya ƙone. Madalla. To wa ya auna yashinmu? Ko shi ma an aika masa da dokar?

Na biyu. Ka yi haƙuri in ba ka labarin da ya girme ka. Tun zamanin marigayi Ɗanmalam, direban farko da ya shigo mana, akwai gawo a inda kwalta ta ƙare. Nan ake tsayawa, a sa tsinke a rage iska har taya ta yi ciki, ta baje kamar tafin raƙumi. Sai mota ta bi yashi tana lilo. In an dawo gindin gawon, a sauko da famfon iska na gari, wanda muka haɗa hannu muka saya wata shekarar da gyaɗa ta yi albarka, maza su yi ta bugawa bi da bi. Wanda ya yi saurin haki, mata su yi ta ce masa ango har Agiye. Kada ka ce ba mu san haɗarin taya mai laushi a kwalta ba. Mun sani. Rana ɗaya Ɗanmalam ya yi ƙyuya ya hau kwalta hakanan ba a mayar da iska ba, taya ta yi zafi, mota ta dinga rangaji, kafin Gazawa muka tsinci kanmu cikin gonar yakuwa. Tun ranar ba a sake tsallake famfo ba. Yau ga shi can rataye a zauren mai gari, gizo-gizo na koyon sana'a a kansa.

Na uku. Garzali, direbanka na yanzu, mutumin kirki ne, ya gwada. Ya shigo da tayoyinka masu tauri kamar goriba, suka haƙa wa kansu rami tun kafin rijiya. Muka tura, liman ya tura, har baƙon da ya zo gaisuwar mutuwa ya tura. Da muka ce ya rage iska, sai ya ce mu kawo masa wani aikin tukuna, shi ma yana da masu cin tuwo. Wa zai ga laifinsa? Daga ranar bai ƙara sauka daga kwalta ba.

Na huɗu, kuma ita ce ta sa na tara maka wannan surutu. Matata Suwaiba na da hawan jini, ƙafafunta sun kumbura. Likita a Agiye ya ce ya riƙa ganinta duk wata. A da a ƙofar gida ake ɗaukarta. Wancan watan na ɗora ta a amalanken jaki, rana ta gasa ta, muka iso gindin gawo muka tarar da sawun tayoyinka kawai. In faɗi gaskiya, sawun ya yi kyau, zanen nan raɗau, ko gefe bai ci ba. Ta duba ta ce in miƙa maka barka. Wannan watan ta ce ba ta iyawa. Maganinta ya ƙare.

Ba mu roƙi kwalta ba, mun san matsayinmu. Murfi kawai muka roƙa a kwance a gindin gawo, a mayar a gindin gawo. Iskar tamu ce, ƙarfin namu ne, kuma in ma'aunin kilo ne ke hana ka barci, ka ba Garzali ɗaya ya riƙa yawo da shi.

In hakan ya fi ƙarfin buro, to ga ƙaramar buƙata. Tunda mun koma tafiyar ƙasa, in wata taya ta tsufa ka aiko mana mu yanka takalma, ko da yake na ji yanzu ba sa tsufa. Nawa kaɗai za ka lissafa a gidana. Suwaiba ba ta buƙata, ta daina takawa.

Naka mai biyayya, durƙushe cikin yashi har gwiwa,

Lurwanu na Gidan Marwa