Gabar Gwaggo Hanne da Mai Inji

Ba zan taɓa mantawa da ƙaurin gyaɗar da ta ƙone a safiyar Larabar nan ba. Har yau idan kasko ya fara kamawa a gidan wani, sai in ji ina neman inda zan sa fuskata.

Ban daɗe da gama jami'a ba aka ba ni riƙon wata 'yar masana'antar mata a wani ƙauye tsakanin Kankia da Kusada, inda ake matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli. Mata tara ne, sai namiji ɗaya, Malam Sale mai injin niƙa. Gwajin wata uku aka ba ni. Idan Hajiyar da ke kula da mu daga Katsina ta zo ta tarar ma'aikata na zaune lafiya, a tabbatar da ni. In ba haka ba, in koma gidanmu Kaduna in ci gaba da rubuta waƙoƙin da ba mai karantawa sai ni.

Kafin in fara an tura ni bita, inda aka koya mana cewa shugaba nagari shi ne mai hango ɓaraka tsakanin ma'aikatansa tun tana ƙarama. Na ja wa maganar layi biyu. Don haka ɓaraka na tafi nema, kuma a satin farko na same ta.

Gwaggo Hanne dattijuwa ce, Bafulatanar asali, wadda in ba hannunta ne ya juya ƙullin ba mai ba ya fita yadda ake so. Da kowa tana raha, ban da Malam Sale. Ba ta kallonsa. In ya durƙusa ya gaishe ta, bango take amsa wa. In niƙa bai yi laushi ba, yana tsaye a gabanta za ta ce a gaya wa wancan ya sake. Shi kuma bawan Allah sai ya sunkuyar da kai ya ɗauki bokiti. Ni da ke jin tausayin ganyen da ya faɗo daga bishiya, sai da na yi masa ƙwalla.

Na ja Asabe gefe, ita ce mai baki a cikinsu, na tambaye ta ko tun yaushe ake wannan gaba. Ta dube ni, ta cusa bakin mayafi a baki, sannan ta ce ai abin ya girme ni, ko sunansa Gwaggo ba ta taɓa faɗa ba. Na ce ba wanda ya taɓa shiga tsakani? Ta ce wa ya isa? (Na ga kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take.)

A tsakanin nan matan sun yi ta yi mini maganar hayaƙin murhu da ke cika ɗakin suya, da ciwon bayan da tsugunno ke sa su. Na rubuta a littafina, na ce za a duba. A raina kuwa cewa nake, hayaƙin zuciya ya fi na murhu illa. Har na ji daɗin jimlar, na rubuta ta ita ma.

Ranar da Hajiya ta zo, na sa aka shimfiɗa tabarmi, kowa ya bar aikinsa ya zauna a da'ira. Na yi jawabi a kan cewa wurin aiki gida ne, ma'aikata kuwa 'yan uwan juna ne. Sai na zaro takarda. Kwana huɗu na yi ina tsara wa Malam Sale waƙa, don in tausasa zuciyar Gwaggo. Baiti goma sha biyu ce, amma abin da nake iya tunawa ba tare da na rufe ido ba shi ne:

*Sale mai haƙuri, mai sanyin rai,*
*Inji na kuka, kai ba ka kuka.*

Na karanta har ƙarshe. Sannan na juya na ce, “Gwaggo, don girman Allah ki dube shi, ki kira sunansa sau ɗaya, ki ce kin yafe masa.”

A lokacin ne ƙaurin ya iso, don gyaɗar da na hana a tsaya a kanta ta fara cin wuta. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska ruf. Malam Sale ya miƙe ya fice da takalmi ƙafa ɗaya. Asabe kuwa ta kife a bayan wata, ba sauti, sai jijjiga.

Hajiya ta tambaya a hankali ko me ya haɗa su. Wata tsohuwa ta ce, “Ranki shi daɗe, ɗanta ne fa. Na fari.”

Jama'a, na san alkunyar ɗan fari. Na ma taɓa amsa tambaya a kanta a jarrabawa, na ci maki mai kyau. Sai dai a gidanmu Mama daga bakin ƙofa take ƙwala wa Yaya kira har maƙwabta su ji, shi ya sa da na ga abin da rai a gabana ban gane shi ba.

Gwaggo ta tashi, ta ce daga cikin mayafi, “Ɗiyar nan, mi na yi miki za ki tsiraita ni gaban baƙi?” Ta ɗauki kwanonta ta tafi.

Kwana biyu ba ta zo ba, mai ya ƙi fita. Hajiya ba ta kore ni ba, wata ɗaya ta ƙara mini na gwaji. Da za ta shiga mota ta ce in riƙa tambayar mutane abin da ya lalace kafin in ɗauko kayan gyara.

Na je gidan Gwaggo na durƙusa. Ta bar ni a durƙushe har ta gama dama fura, sannan ta miƙo mini ludayi. Ta ce ita da wancan lafiya lau suke tun ranar da Allah ya kawo shi, in sulhu nake so in je in sasanta su da hayaƙi.

Muka fasa tagogi biyu, aka ɗora wa murhu bututu, kafinta ya yi mana kujeru. Tari ya ragu, raha ta ƙaru (rabinta a kaina ne, don har yau Mai Sulhu suke kirana). An tabbatar da ni. Abin da na koya shi ne, ma'aikata sun san inda ke yi musu ciwo, kuma galibi sun riga sun faɗa. Mai riƙo ne ke can yana neman ciwon da ya fi dacewa da waƙa.

Sai bayan shekara biyu Asabe ta gaya mini inda takardar nan ta shiga, don ni na ɗauka an share ta da ɓawon gyaɗa. Ashe a ranar Gwaggo ta aika a tsinto mata. Tana cikin adakarta. Lokaci-lokaci takan kira Asabe ɗaka, ta tura ƙyaure, ta sa ta karanta mata tun daga farko. In an zo kan sunan sai ta ce, “Tsallake nan, ci gaba.”