Rumfar da Iya Barakatu Ta Hana a Naɗe

"Lafiya lau, Habboba. Ya ƙafar? Ya kwanan sauro?"

"Ƙafa da godiya. Sauro kuwa sun fi ka zumunci, su kullum sai sun zo gaishe ni. Mi ka ɗauko cikin bokiti, maigida? Ko yau ka tuna kana da mata, ka yo cefane?"

Mujtaba ya dire bokitin ruwa da soso da sabulu a gaban kakarsa, Iya Barakatu, wadda yake kira Habboba, wato kaka da Larabcin Sudan. Tana zaune bisa angarib, gadonta na igiya, a ƙarƙashin wata shuɗiyar rumfa mai ƙafafun ƙarfe, irin wadda ake buɗewa a naɗe kamar laima. Mahaifinsa, marigayi Nasir, shi ya saye ta a Khartoum. Da yaƙi ya taso su, Mujtaba ya ɗaure ta a saman mota har ƙauyensu na bakin kogi kusa da Abu Na'ama. Tun ranar da aka kafa ta a tsakar gida tsohuwar ta tare a ciki. Yanzu damina ta kama, gabas ta fara yin baƙi tun da hantsi.

"Cefanen ke nan," in ji Mujtaba. "Rumfa zan sauke in wanke, ta bushe, in naɗe ta kafin iska ta zo. Tashi."

"Ni ka ke ce ma tashi? Na tsinci auduga a garin Hajj Abdalla tun ubanka bai iya ɗaura wando ba. Mufattishin gona, mai duba aikinmu, da dokinsa bai ce mini tashi ba, sai kai mai wuya awa na zalɓe?"

"Mufattishi bai ga ɓarnar da kika yi ba. Ɗaga kai ki duba. Shuɗiya muka kawo ta, yanzu ta koma kalar gindin tukunya."

"Hayaƙin dafa jabana ne, gahawarmu. Albarka ce."

"Albarkar ce ta huda ta nan? Tartsatsin gawayinki ne. Sau nawa na ce ba a hura wuta a ƙarƙashinta?"

"Taga na yi mata. Wanda ya ƙera ta ya manta."

"To wannan ƙafar fa, wa ya lanƙwasa ta?"

"Tsufa. Ni ma tawa ta lanƙwashe, ba ka zo da bokiti ba."

"Ƙanwata Huda ta ce akuya kika ɗaure a jikinta."

"Huda bakinta ya fi ƙofar gari faɗi. Akuyar ma baƙuwa ce, inuwa ta roƙa, na ba ta. Ta fi ka ladabi, ta gode da za ta tafi."

"Ta gode ta tafi da rabin ƙafar rumfa! Kuma mene ne wannan da kika rataya a ƙarafuna? Kuɓewa, busasshen nama, har da carbi. Rumfa ce ko kasuwar Dinder?"

"Kai dai ba ka ƙin miyar in an kaɗa. Jiya har yatsa ka siɗe."

Mujtaba ya taɓa wata gaɓa ta ƙarfen, ya janye hannu da sauri yana yarfewa.

"Innalillahi! Tururuwa sun kafa gari a nan. Me kika shafa mata?"

"Na ji tana kuka ƙiii ƙiii in iska ta taɓa ta, na ji tausayi, na shafa mata man riɗi."

"Man riɗi, ya Habboba? Man keken ɗinki ake ɗiga mata, kaɗan, a goge da tsumma."

"Ji mini yaro! A yi mata wanka da sabulu, a shanya ta, a shafa mata mai na musamman. Ni da ka aura, ko kwalli ka taɓa kawo mini?"

"Ke kwalli ya gaji da ke. In na kawo, cikin wane tamojin zai zauna?"

Tsohuwar ta kai masa duka da mafici, ya goce yana dariya.

"Ɗan banza. Wanga abu naku mai ƙafafun sauro shi ne rumfa? Ba ka ga rakubar kakanka Malam Jibirin ba. Nan take, daidai inda ka ke tsaye. Itacen bagaruwa ya kafa, ya rufe da karan dawa da zana. Ba a wanke ta, ba a naɗe ta. In ruwa ya sauka, ƙamshin kara ya cika gida. Mutane su taso daga gona da laka har gwiwa, su zube nan, ni ina dama musu kunu. Dauri har mutanenmu masu tafiya Makka a ƙasa nan su ke yada zango, su ba mu labarin Sakkwato, mu da ba mu taɓa ganinta ba mu yi ta hawaye awa jiya muka baro ta."

"Baba ya ce daga rakubar nan kunama ta taɓa faɗowa cikin akushin tuwo."

"Kunamar ta san inda daɗi yake."

"Ya ce gara ta cinye ta, ta rufto a kan Malam yana barcin rana."

"Ƙarya ya ke yi mini! Jingina ta yi."

Iska ta ɗan kaɗa, rumfar ta yi girgiza, kuɓewar da ke rataye ta hau lilo. Mujtaba ya dubi gabas, dariyar ta bar fuskarsa.

"Habboba, da gaske nake. Ruwan da aka yi rannan ya taru a samanta har ta yi ciki, da sanda na tunkuɗe shi. In iska mai ƙarfi ta zo, ɗauke ta za ta yi ta jefa a kogi, sai dai mu je Sinnar nemanta. Gidanmu na Khartoum ba mu san halin da yake ciki ba. Kujerun Baba, littattafansa, komai can muka baro. Ita kaɗai muka fito da ita."

Iya Barakatu ta ajiye maficin. Ta daɗe tana kallon shuɗin yadin.

"Ka san abin da ya sa ubanka ya saye ta?"

"Ya ce don baƙi."

"Ni ce baƙin. Na tai Khartoum ganin ku, kana ƙarami, majina har baki. Na duba tsakar gida, siminti fal, babu inuwa ko ta kaza. Na ce masa gidan da babu rakuba kurkuku ne, gobe a kai ni tasha. Ya fita, sai ga shi da wanga abu cikin raksha, keken haya mai ƙafa uku. Garin buɗewa ƙarfe ya datse masa yatsa, babban mutum yana tsalle yana kiran Iya. Na yi dariya har na fasa tafiya." Ta goge ido da bakin mayafi. "In na zauna nan na ɗaga kai, sai in ga awa ya shiga ɗaki ne, yanzu zai fito ya ce in ƙara masa citta a jabana."

Mujtaba ya zauna a bakin angarib.

"Bayan kin dawo gida ya kafa mana doka. Ya ce duk wanda ya shiga ƙarƙashinta ya ajiye Larabci a waje, Hausa kawai. Ranar wanki kuwa kowa ya kama ƙafa guda. Ya yi ta shafa yadin da tafin hannu, in ya ji ko ɗan danshi ya ce ba za a naɗe ba, fumfuna za ta ci rumfar Iya."

"Haka ya ke cewa? Rumfar Iya?"

"Wallahi."

"Shi ya sa Hausarka ta ɗan fi ta Huda. Ko da ya ke har yanzu in kana magana awa kana tauna tsakuwa." Ta miƙa masa hannu. "Ɗaga ni, ragon miji. Kwance mini kuɓewata a hankali, ko guda ta faɗi sai ka biya ni da sabuwar gona."

Suka sauke yadin suka shimfiɗa bisa tabarma. Mujtaba na gogawa da soso, ita tana tsaye da sanda tana nuna masa inda ya tsallake. Suka ɗauraye, suka shanya a igiya, rana ta ɗan leƙo ta taimaka. Ya goge man riɗin, ya miƙe ƙafar da akuya ta lanƙwasa, ya liƙe hujin. Da ya ce ta bushe, sai da tsohuwar ta bi yadin da tafin hannunta daga wannan baki zuwa wancan kafin ta yarda. Ƙarafunan suka haɗe wuri guda, tsakar gida ta yi fili fayau.

"Saura abin sakawa," in ji Mujtaba. "Jakarta tana Khartoum. Bari in kakkaɓe buhun gawayi."

"Buhun gawayi ya ci gidanku. Tsaya nan."

Ta shiga ɗaki tana ɗingishi, ta fito da wata doguwar jaka ta farin yadi, ɗinkin hannu, da igiyar zuge baki. Mujtaba ya zura rumfar, ta shige daidai kamar an gwada.

"Habboba! Yaushe kika ɗinka wannan?"

"Tun da na ga hadarin farko. Kana tsammanin kai za ka koya mini damina?"

"To me ya sa kika wahalar da ni tun safe?"

"In na tashi tun kiran farko, da wa zan yi faɗa? Da akuya?"

Mujtaba ya fashe da dariya har ya dafa bango. Ɗigon ruwan farko ya faɗo masa a goshi.

"Halas, shi ke nan, kin ci ni. Ina zan kai ta?"

"Ɗakina, bayan gado, inda hannuna zai kai. Ɗauka da sauri, maigida, kada ruwa ya jiƙa mini ɗinki."