Makunnin Fankata Yana Ɗakin Alhaji Maccido

Jiya da azahar, ana zafin da ko ƙadangaren Tambuwal ya nemi inuwa, fankata ta tsaya cak. Lafiyarta ƙalau. Maƙwabcina Alhaji Maccido ne ya kashe ta daga ɗakinsa, don na ce a majalisa tuwon dawa ya fi na shinkafa. Shi kuwa shinkafa yake sayarwa.

Bara muka ƙulla yarjejeniya. Janaretansa ya dame shi da ƙara, sai ya ajiye shi a tsakar gidana, ya ja mini waya. Sharuɗɗan: fetur a wurinsa kaɗai zan saya, ba ni da izinin kwance ko ƙusa ɗaya, yana iya shigowa duba ɗakina duk sanda ya ga dama, baƙin mai a bayan gidana za a zubar, makunni kuma yana gefen gadonsa. Na sa hannu ban kai ƙarshen takardar ba, don lokacin fankar gwaji tana kaɗa mini ƙeya.

Mai ɗakina Zahara'u ta dube ni ina ta gumi.

"Malam, tun kakanni aka ɗibar wuta maƙwabta," in ji ta, "amma ban taɓa jin mai garwashi ya biyo ka shi buɗe tukunya ba. Gidanga wa ad da shi?"

Na ji kunya ƙwarai, na yi kamar ina sauraron rediyo. Sai ga shi ana bayanin yadda ƙasashe masu ƙarfi ke ƙulla yarjejeniya da ƙanana don samar da lantarki da makamashin nukiliya. Ashe irin takardata ce, turancin ne kawai ya fi yawa.

To, shugabanninmu, Sarakunan Sa-Hannu, iyayen tafiya, Allah ya ƙara wa alƙalaminku tawada. Mun yaba da yadda kuke sauka ƙasar mutane ku rattaba hannu ku juyo, kamar kun je ɗibar wuta. In ranar sa hannu kan ta nukiliyar ta zo, ku daure ku karanta shafin ƙarshe. Man a wurin wa za a saya? 'Ya'yanmu za su koyi kwance injin ko kallo ne nasu? Tokar nan da aka ce tana shekaru dubbai ba ta huce ba, bayan gidan wa za ta, na mai injin ko na ƙanena a Kebbe? Dubawa kam a duba, wannan wuta ba ta wasa ba ce. Amma mai leƙa ɗakin wani ya bar nasa a buɗe.

Da la'asar na ɗauki takardar na nufi gidan Alhaji in yaga ta a gabansa. Na tarar da ɗakinsa da sanyi.

"Mi kaka tahe da shi, Malam?"

Na ce na zo ne in shaida masa shinkafa ba ta da na biyu. Fanka guda ce fa, ga shi bakina ya zama na aro.

In kun haɗu da Alhaji, ku ce masa wani ne ya rubuta wannan da sunana.