Wakilan Huta-Roro

A wani gari da ake kira Huta-Roro, mutane suka wayi gari ƙafa ta yi musu nauyi. Magabata sun ce zumunta a ƙafa take, amma ba su ce ƙafar wa ba. Da wannan hujja Sarki Kishingiɗe ya tara Majalisar Haka-Ne, aka yanke cewa kowane magidanci ya sayi wakili. Wakilin nan na'ura ce mai siffar mutum da tunanin kanta, caji take ci ba tuwo ba. Ita za ta je maka suna, da biki, da dubiya, da gaisuwar mutuwa.

Da farko an sha kunya, don wakilan ba su iya zama da mutane ba. Na Magajin Gyangyaɗi ya je ɗaurin aure, aka tambaye shi maigida, ya ce yana nan kwance yana danna waya, shi ne ya ce a ce ya yi tafiya. Wani ya je barka, ya leƙa jariri ya ce bai ga wanda ya ɗauko a gidan ba. Majalisa ta yi zaman gaggawa, aka sa makanikai suka kwance kawunansu suka zuba musu kara da kawaici. Tun daga ranar ba wakilin da ya ƙara kai wa maigidansa labari mai ɗaci.

Gari ya yi daɗi. Wakilai na durƙusa wa wakilai, suna raba goron da ba mai ci. Takalma suka daina cinyewa.

To, akwai wani tsoho, Barau, wanda ya shekara tara ba ya ga-maciji da ƙanensa Sallau, a kan kwatar ruwa da ta ratsa tsakanin gidajensu. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma ba su kwana tara ba, bare shekara. Wakilansu kam tuni suka shirya, kullum da safe sai sun gaisa ta kan katanga.

Da ciwo ya kayar da Barau, sai ya ji tsoron ya koma ga Allah ƙanensa bai yafe masa ba. Wakilinsa ya ce ya kwantar da hankalinsa, an yi yafiyar tun bara waccan, har da rungume juna. Barau ya ce zuwa da kai ya fi aike. Ya lalubo takalmansa, ya kakkaɓe yanar gizo, ya dogara sanda. Taku ashirin ne, amma mata suka yi ta leƙe ta taga, yara suka tambaya wane kamfani ya ƙera wannan mai tari.

Wakilin Sallau ya tarye shi a zaure, ya shimfiɗa tabarma.

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Ban sha nono da ƙarfe ba. Kira mini Sallau."

Wakilin ya ce maigida yana hutawa. Barau ya ce zai jira. Wakilin ya kawo ruwa, ya yi gaisuwa kala bakwai, ya tambayi gajiya, ya tambayi gajiyar gajiya. Barau ya buga sanda ya ce yau ko a bakin kabari ƙanensa yake, sai ya gan shi.

Wakilin ya sunkuyar da kai, cikin ladabin da aka zuba masa.

"Ai ka je, Yaya. Da damina. Kai ne a sahun gaba, kuma kwana uku kana nan zauren kana karɓar gaisuwa. Duk garin an shaida ba wanda ya kai ka kuka."

Barau ya juya ya dubi nasa wakilin, wanda ya biyo shi da ƙullin magani. Shi ma ya sunkuyar da kai, ya ce bai ga amfanin ɓata wa dattijo rai ba.

Ruwa na nan yana bin kwata. Har gobe wakilan nan biyu suna gaisawa ta kan katanga da safe, kowanne ya tambayi maigida, kowanne ya ce yana hutawa.