Kumandan Baƙaƙen Sojojin Komah

Duk wanda bai taɓa ganin Alhaji Alassani na unguwar Komah yana fitowa duba dakarunsa da safe ba, to bai gama ganin Sokode ba. Farar babbar riga mai ɗaukar ido, hula a karkace, sanda a hammata, turarensa kuwa yakan riga shi isa ko'ina. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar shugabanci, sai dai an daɗe ba a samo masa waɗanda zai shugabanta ba.

An samo su ne a wata formasiyo, wato taron horarwa, inda aka koya wa masu kiwon kaji yadda za su rage sayen abincin kamfani. Akwai wani baƙin ƙuda da ake kira ƙudan soja. Idan ya yi ƙwai a kan dusa da ruɓaɓɓen mangwaro, ƙwan yakan ƙyanƙyashe abin da kaji ke rububi a kai. Su yi ɓul-ɓul ba tare da sinadari ba, a sayar da su da sunan kajin biyo. Sauran mahalarta sun dawo gida da ilimin kiwo. Alhaji kalma ɗaya ya tsinto, ya riƙe ta gam: soja. Tun daga ranar ya zama Kumandan.

Abin da ƙwan ke ƙyanƙyashewa yana da suna a Hausa, kuma nan ciwon Alhaji yake. A zango, unguwar Hausawa, sana'arka ce sunanka. Akwai Mai Goro, akwai Mai Nama, akwai bawan Allahn da ya sayar da ganda sau ɗaya tak, yau jikokinsa 'yan gidan Mai Ganda ne. Alhaji ya rantse ba za a kai shi kabari da sunan Mai Tsutsa ba. Ya haramta kalmar a gidansa. Idan matarsa Salamata ta fara, "Alhaji, tsu…" sai ya yi gyaran murya, ita kuma ta gyara: "Dakarun sun cinye dusar."

A majalisar ƙofar masallaci kuwa, kullum da lacca.

"Ku ba ku san siyans ba," yakan ce. "Ni rundunata ba ta albashi, ba ta hutu. Shara take ci, ta mayar da ita nama. Ina janar ɗin da zai iya haka?"

Babu wanda ya taɓa tuna masa cewa ƙarshen rundunar nan cikin kaza ne. Mutanen Komah akwai kara.

Rannan ƙungiyar masu kiwon kaji da zabi ta garin Dapaong ta gayyace shi ya je ya nuna musu dakarunsa. Daɗi kamar ya kashe shi. Ya cika roba da zaɓaɓɓun dakaru, ya rufe da zane, ya kama mata kujera guda a mota, don a cewarsa soja ba ya hawa saman kaya. Motar cike take da 'yan kasuwar Sokode, har da ni, kuma tun kafin a kai garin Kara kowa ya haddace tarihin Kumandan.

Gab da Dapaong aka tsayar da su a shingen bincike. Wani jami'i ya leƙo, ya nuna robar, ya yi tambaya da Hausarsa ta kasuwa.

"Alhaji, wannan roba, mene ne cikin shi?"

Alhaji ya gyara hula. "Sojoji ne. Baƙaƙen sojoji. Nawa ne, ni nake ciyar da su. Akwai dubbai a gida suna jirana."

A wannan hanyar, da ake fargabar 'yan bindiga, ba a wasa da irin wannan magana. Nan take aka sauke kowa, aka jera su cikin rana tsaka, aka ce ba mai taɓa robar sai mai ita ya faɗi abin da ke ciki. Alhaji ya laluba Faransancinsa, bai tarar da komai ba sai soja ɗin nan da ya jawo masa.

"Purotayin ne," ya ce. "Na biyo."

"Faɗi sunan shi yadda yaro zai gane."

Alhaji ya motsa leɓe. Ko shi kansa bai ji ba.

"Ban ji ba, Alhaji."

Wata mai goyo ta fusata. "Haba Alhaji, don girman Allah ka faɗa, rana na cinye mu!"

Gaskiya ya ba ni tausayi. Gumi ya jiƙa farar rigar, sandar ta zame daga hammata. Ya rufe ido, ya ɗaga murya kamar mai kiran salla: "Tsutsa ce! Tsutsar kaji ce!"

Jami'in ya ɗaga zanen, ya ga dakaru suna mutsu-mutsu cikin dusa, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ƙame ya sara wa robar, sannan ya ce a wuce.

A tashar Dapaong, Sharifu, sakataren ƙungiyar, yana jira. Ya leƙa motar cikin ladabi ya ce, "Don Allah, wane ne Kumandan a cikinku?"

Fasinjoji suka dubi juna, kamar ba su taɓa jin sunan ba. Sai mai goyon nan ta ce, "Au, Mai Tsutsa kake nema? Ga shi can."

Alhaji kuwa, kafin ya ankara, ya riga ya ce, "Na'am."